Tambaya da Amsa: Hoton sama zai nuna mini ko ruwa zai ci fulotina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Dillali ya kai ni wani fuloti kusa da Kogin Kaduna, ta wajen Unguwar Rimi, kuma da araha. Ɗana ya ce kada in biya sai an duba wurin a hoton tauraron ɗan'adam. Wai hoto zai san abin da damina za ta yi? Daga wata mai karatu a Kawo.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yaron nan albarka, ki riƙe kuɗinki tukuna. A aikinmu na safiyo mun saba gani: da rani dillali yake nuna fili, lokacin da kogi ya ja baya, ƙasa ta bushe ƙayau.

Hoto ba ya duba irin na boka, amma ba ya mantuwa. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton ƙasa tun 1972, kuma tun 2008 kyauta ake samunsu. Idan aka jera na Kaduna shekara bayan shekara, za ki ga yadda gidaje suka yi ta gangarowa cikin fadama, inda a da ruwan kogi ke shimfiɗa ƙafarsa idan ya cika. Ruwa kuwa ba ya barin hanyarsa don an zuba siminti. Mutanen Kigo Road, da ke kusa da kogin a nan Kaduna, sun fi ni sanin wannan. Ga kuma sauyin yanayi, da ke sa ruwa ya zubo da yawa a lokaci guda.

Matsalar Agusta da Satumba ita ce hadari yana rufe ƙasa, hoto ya fito fari fat. A nan ake komawa ga tauraron Sentinel-1 na Turai, mai aiki da rada (na'urar da ke aika sigina ƙasa ta karɓi abin da ya dawo), wanda ke ratsa gajimare ya nuna inda ruwa ya kwanta ko da dare ne. Sai a ɗora wannan kan taswirar tudu da kwari, a ga unguwar da za ta fara nutsewa. Irin waɗannan bayanai ne ke taimaka wa NIHSA, hukumar nazarin ruwa ta ƙasa, wajen hasashen ambaliya da take fitarwa duk shekara, baya ga na damina daga NiMet, hukumar hasashen yanayi. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, alhali an yi gargaɗi tun kafin ruwa ya sauka. A ganina taswira ba ta yi mana ƙaranci ba, masu aiki da ita ne kaɗan.

Sai dai tauraro ba ya ganin kwalbatin da leda ta toshe. Wannan sai an taka da ƙafa.

Don haka ɗanki ya buɗe Google Earth a kwamfuta, ya koma tsofaffin hotunan wurin. In ya ga lambu ko shinkafa a inda fulotin yake, to fadama ce. Ki kai bayanan filin KADGIS, hukumar filaye ta jiha, a tabbatar miki wurin gini ne. Sannan ki je da kanki ki dubi katangun maƙwabta: ruwa yana barin zane mai duhu daidai inda ya tsaya. Ki tambayi tsohuwar da ta fi daɗewa a layin sau nawa suka kwashe kaya, amma ba a gaban dillali ba.