Mesa a daji, mesa a keji, da mesar da ta zame wa Florida alaƙaƙai

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina yawan ganin bidiyon mutane sun rataya mesa a wuya suna wasa da ita kamar mage, har abin ya fara bani sha'awa. Sai kuma naji wai a Amurka kuɗi ake biyan mutane su kashe ta. To wai mesa tana kiwuwa a gida ne ko ganganci ne? Kuma me ta yi musu a can?

Amsa: Barka dai ɗan'uwa. Abu na farko, kalmar mesa ɗin nan ta haɗe macizai kala-kala, wajen iri arba'in, a Afirka da Asiya da Ostireliya, kuma bambancin dake tsakaninsu kamar na akuya da raƙumi ne. Wadda kake gani a wuyan mutane yawanci ƙaramar nan ce ta yammaci da tsakiyar Afirka, wadda in ta tsorata sai ta dunƙule kamar gammo ta cusa kanta a tsakiya, da wuya ta wuce mita 1.5. Daga Ghana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa Turai da Amurka. Wadda ake farauta a jihar Florida ta Amurka kuwa mesar Burma ce, ƴar kudu maso gabashin Asiya, ita wannan tana haura mita 5. Akwai kuma babbar mesar Afirka mai saurin fushi, da wata mai zanen raga a jiki a ƙasashen su Indonesiya wadda duk duniya babu macijin da ya kai ta tsawo, tana wuce mita 6.

Dukkansu babu mai dafi, kada ka haɗa su da kububuwa ko gamsheƙa. Amma tana cizo fa, haƙoranta sun lanƙwasa ta ciki kamar ƙugiya, in ta kama ka ka fizge hannu kai ka yaga naman ka da kanka. Farautarta kwanton ɓauna ce, sai ta kwanta a hanyar da dabbobi ke bi ko bakin ruwa ta yi shiru kwana da kwanaki. A leɓen yawancinsu akwai wasu ƴan ramuka, in ka duba da kyau zaka gansu a jere, da su take jin ɗumin jikin ɓera ko a duhun da baka ganin tafin hannunka. Tana cafka sai ta naɗe ta matse. Mutane na cewa karya ƙashi take yi, a'a, jini take hanawa gudu har zuciya ta tsaya, shi yasa abin baya ɗaukar lokaci. Haka zancen wai tana goce muƙamuƙi kafin ta haɗiye abu shima ba haka bane, muƙamuƙinta na ƙasa dama gida biyu ne, wata jijiya mai talewa ce ta haɗa su, sai ta riƙa tura ɓari ɗaya gaba sannan ɗayan, a hankali kamar ana saka safa a ƙafa. In ta samu babban abu ta haɗiye tana iya yin watanni bata sake nema ba.

Abinda ni yake burge ni da ita shine ƙwai. Macizai da yawa zubarwa suke su kama gabansu, ita kuwa uwar naɗe su take ta zauna a kai wajen wata biyu ko abinci bata ci, mesar Burma har karkarwa take yi da jikinta don ta ɗumama su.

To batun kiwo. Eh tana kiwuwa, musamman ƙaramar, amma cire wa ranka cewa zata san ka ta riƙa yi maka oyoyo. Iyakarta ta saba da hannu ta daina tsoro. Jikinta baya haɗa zafi da kansa, dole kejin ya zama gefe ɗaya da ɗumi wajen digiri 31 zuwa 32, ɗaya gefen da ɗan sanyi-sanyi, ga wurin ɓuya, ga ruwa, ga danshi daidai gwargwado in ba haka ba saɓarta ta maƙale a jiki har kan ido. Abincinta ɓera ne sukutum, masu kiwo a firiza suke ajiyewa su narkar in lokaci yayi, don ɓera mai rai in ta ƙi cinsa shi yake komawa ya gwaguye ta, na taɓa ganin wadda aka bar wa ɓera cikin keji ya kwana, bayanta duk rami. Kuma gata da yajin cin abinci, haka kawai sai ta share wata uku ko huɗu bata taɓa komai ba kai kana ta zullumi. Bayan ka taɓa ta a wanke hannu da sabulu saboda ƙwayar cutar salmonela da ke jikin irin waɗannan dabbobi, gidan da ke da jarirai ma ni bana ba da shawara. Sannan shekara 20 zuwa 30 take yi a raye, wasu sun haura 40 a gidan zu. Ka lissafa shekarunka ka ɗora 30 a kai tukuna.

Manyan kuwa gaskiya ban yarda mutum ya ajiye a gida ba. A 2013 a Kanada wata mesar Afirka ta sulale daga inda aka kulle ta ta bi ta bututun iska ta faɗo ɗakin da wasu yara biyu ke barci, duka ta kashe su. Ba kasafai ake samun haka ba, amma duk wadda ta kai mita 3 ƙa'idar masu aikin ita ce mutum ɗaya baya taɓa ta shi kaɗai.

Nan ne kuma labarin Florida ya samo asali. Shekaru aka yi ana shigo da ƴaƴan mesar Burma Amurka dubbai, mutum ya saya tana ƴar mitsitsiya kamar rabin mita, kafin ya farga ta cika keji tana neman zomo, sai ya ɗauke ta a mota ya kai bakin dausayi ya sake, a ganinsa ma tausayi yayi. Ana kuma danganta wani ɓangare da guguwar Andrew ta 1992 da ta rusa wuraren kiwon dabbobi. Dausayin Everglades dake kudancin Florida kuwa kamar an yi shi don ita, ga zafi ga ruwa ga ciyawa iya ganinka, kuma dabbobin wurin basu taɓa sanin maciji mai wannan girman ba balle su iya guje masa. A gida Asiya tun tana ƙwai ake cinye ta, ga damisa ga mutane masu neman fata, shi yasa can har raguwa take yi. A Florida in ta girma sai dai kada, shima wani sa'in ita ke cinye shi, a 2005 an ɗauki hoton wata mai kusan mita 4 da cikinta ya fashe bayan ta haɗiye kada. Zuwa wajen 2000 an tabbatar tana hayayyafa a dajin. Wani bincike da ya fito a 2012 ya nuna dabbar da suke kira rakun ganinta ya ragu da sama da kashi 99 cikin 100 a kudancin dajin, zomaye da dila kuwa kusan an daina ganinsu kwata-kwata. A shekarar ne gwamnatin Amurka ta hana shigo da ita, an yi ihu bayan hari.

Kuɗin da kaji ana biya gaskiya ne, jihar na da mafarauta da take biya bisa awa da kuma tsawon abinda suka kamo, akwai ma gasa da aka fara a 2013 wadda a shekarun nan babbar kyautarta dala 10,000 ce. Sai dai kamun ba wasa bane, launinta ya saje da ciyawa, sai ka kusa taka ta baka gani ba. Dabarar da ta fi bani dariya ita ce su kama namiji su dasa masa na'urar bin sawu su sake shi, lokacin barbara shi da kansa zai kai su har wurin mace. Da haka aka kama wata mai nauyin kilo 98 ɗauke da ƙwai 122 a ciki, aka sanar a 2022. Kaga mace ɗaya kenan.

In har yanzu kana so, fara duba ko dokar inda kake ta yarda, ka nemi ƙaramar wadda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo don wadda aka kamo daga daji tana zuwa da kaska da tsutsar ciki kuma ta fi ƙin cin abinci, ka kuma san tun yanzu wa zai karɓe ta ranar da ka gaji. Murfin kejin a sa masa sakata mai kyau, don in dai kanta ya shige rami to sauran jikin ma ya wuce.