Amsar Kawu kan jan biron Babanki

Uwata, saƙonki ya same ni a rumfa bayan la'asar. Na yi dariya har maƙwabcina mai albasa ya leƙo. Wai kin rubuta insha'in makaranta, kin gyara sau uku a waya, kin kwafe a takarda, Babanki ya soke sakin layi na farko da jan biro ya sa nasa, shi ne kike tambaya ko a al'adarmu rashin kunya ne ki mayar da naki. Da dariyar ta lafa sai jikina ya ɗan yi sanyi, don mu a zamaninmu ko a zuci ba ma iya wannan tambayar.

Ni ba a aji na koyi gyaran rubutu ba. A nan Agege na koya, ɗakin Baffa mai fataucin goro, lokacin da makarantun Legas ke karatun safe da na rana saboda cunkoso, kafin Jakande ya zama gwamna a 1979 ya gina azuzuwa ya kashe tsarin. Ni ɗan rana ne, saboda haka safiyata ta Baffa ce: yayyafa wa huhu ruwa, tsince ruɓaɓɓe, in wasiƙa ta taso kuma ni ne magatakarda, tunda shi ajami kawai yake karantawa.

Wata rana ya sa ni rubuta wa abokin cinikinsa na Kano kan kuɗin huhu huɗu da suka daɗe. Na zauna na zuba maganar kuɗin tsaf, ina jin kaina. Ya ce, "Biya min." Na biya. Ya ce, "Kai, sammaci na ce ka aika masa?" Ko sallama ban sa ba. Na yage falle na sake, na cika shafi da gaisuwa, iyali, damina, gajiyar kasuwa, bashin ya maƙale a layin ƙarshe kamar maraya. Ya ce, "Yanzu kuma zai ɗauka na yafe." Ta uku shi ya riƙa faɗa ina rubutawa. Da muka gama ya ɗaga tabarmarsa ya tura ta ƙasa, alhali mai kai ta washegari zai hau jirgin ƙasa. Na ce ba za a kai masa yau ba? Ya ce iyayensa sun ce magana zarar bunu ce, balle wadda za ta hau jirgi, a bar ta ta kwana.

Da asuba na sake biya wa kaina, sai kunnena ya kama "har yanzu" sau uku a ciki, kowace kamar tsinken allura. Na kwafe sabuwa na cire biyu. Ina biya masa ya tsayar da ni: "Ina 'har yanzu' ɗina?" Gabana ya faɗi. Na sunkuyar da kai na ce, Baffa, suna suka. Ya yi shiru yana taunar goro, har na fara tunanin bulala, sannan ya ce in ninke ta haka.

Tun daga ranar duk insha'in da na rubuta sai ya kwana, sai na biya shi da baki. A makarantar allo ma ai ba a wanke allo sai an biya wa malam. Ku kuwa yanzu da ɗan yatsa kuke sharewa, ba tabo ba alama, kunne a toshe da waya, ba mai jin yadda maganarsa ke sauka. Sau ukun nan da kika ce kin gyara, ko sau ɗaya kin karanta shi a fili?

Babanki dai, kada ki ce ni na faɗa, yana son dogon Turanci tun yana saurayi. Kuma ranar WAEC ba zai shiga ɗakin jarrabawa da ke ba. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kada in ji kin goge masa rubutu a ɓoye.

Ki zo ranar Asabar da takardun biyu ki biya min. Ki taho min da tabarauna, na manta shi a kan firjinku.