Kawaici Ne Ko Miskilanci?

Tambaya: Anti barka da aiki. Surukata ta ce ina da kawaici, ƙawata kuma ta ce miskilanci ne kawai ke damuna, wai don bana faɗin damuwata kuma bana roƙon kowa komai. Dan Allah abu ɗaya ne? Daga wata baiwar Allah, Zariya.

Amsa: Ƙanwata ba ɗaya bane sam. Kawaici shine ki ga abu ko ki ji, ya sosa miki rai, amma ki kau da kai saboda girman wanda yayi, kamar ace ƙanin miji ya ɗau cazarki bai tambaya ba kina kallo kika yi kamar baki gani ba. Dangin alkunya ne, irin wadda ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, a wajen Fulani kuwa abun yafi ƙarfi, shine ake cewa filako. Toh kinga surukarki yabonki tayi, kuma wallahi ba ƙaramin yabo bane daga bakin uwar miji.

Miskili daban, shi ana masa magana ya share ko ya amsa da ƙyar, ba don kunya ba, haka kawai ya ga dama, shiyasa ake cewa miskili ka fi mahaukaci ban haushi.

Amma abinda kika kwatanta ni nafi ganinsa a zurfin ciki, kuma shi nake jiye miki. Rashin roƙo mutunci ne, na yarda, sai dai in ciwo ne ko bashi ko matsalar aure ki samu mutum ɗaya, mama ko yayarki, ki faɗa mata tun abun bai girma ba.