Murar tsuntsaye a jikin mutum: alamun farko da hanyoyin kariya

Tambaya: Ina kiwon kaji. Cikin kwana biyu da yawa suka mutu, kuma da hannuna na kwashe mushen. Waɗanne alamu zan lura da su a jikina, kuma yaya zan kare iyalina?

Amsa: Idan murar tsuntsaye ce ta kashe su, cutar ba ta cika kama mutane ba, kuma da wuya mutum ya sa wa mutum. Amma idan ta kama, ba ta zuwa da wasa. Nau'in H5N1, wanda aka fara gani a jikin mutane a Hong Kong a 1997, ya kashe kusan rabin waɗanda aka tabbatar sun kamu da shi tun daga 2003, bisa alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya.

Alamun kan bayyana kwana 2 zuwa 5 bayan taɓa tsuntsun, wani lokaci su fi haka jinkiri, don haka ka sa ido a kan jikinka har kwana 10. Farkonta kamar murar da aka saba: zazzaɓi da ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, tari, ciwon maƙogwaro, ciwon kai da na gaɓoɓi. Wasu gudawa da amai ke fara zuwa musu. Akwai kuma alamar da ake yawan rainawa, wato jan ido mai ƙaiƙayi da hawaye. Da cutar ta shiga shanun madara a Amurka a 2024, yawancin ma'aikatan da suka kamu da jan idon nan aka gane su.

Haɗarin yana zuwa ne bayan 'yan kwanaki, lokacin da ƙwayar cutar ta gangara huhu, numfashi ya fara sarƙewa, ƙirji ya riƙe. Kada ka jira a kai nan. Da ka ji zazzaɓi, ka sa takunkumi ka tafi asibiti, kuma ka faɗa wa likita tun daga farko cewa ka taɓa mushen kaji. In ba ka faɗa ba, zai iya ɗauka mura ce kawai ya sallame ka. Ana ɗibar majina daga hanci ko maƙogwaro a gwada, maganin oseltamivir kuwa ya fi aiki idan aka fara shi cikin awa 48 da fara ciwo. Maganin ƙwayoyin bakteriya ba ya taɓa ta.

Batun kariya kuwa, cutar na cikin kashin kaji, yawunsu, da ƙurar akurki. Shi ya sa yanka da figa suka fi komai haɗari: gashin na tashi, hannu na kai wa ido. Kada a yanka kazar da ke layi don gudun asara, kuma kada a jefa wa kare ko kyanwa mushe. A kira likitan dabbobi. Mai shiga akurki ya sa safar hannu, takunkumin N95 mai tace iska, gilashin kare ido da takalmin roba, ya yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙura ta tashi. In ya fito ya cire kayan a waje, ya wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20. Yara da masu juna biyu su nisanci wurin.

Nama lafiyayye a dafa shi har cikinsa ya kai digiri 74, ƙwai har gwaiduwa ta daskare, madara a tafasa. Firiza ba ta kashe ƙwayar cutar. Allurar murar shekara-shekara ma ba ta kare mutum daga H5N1, ko da yake ana son masu kiwo su yi ta don kada cututtukan biyu su haɗu a jiki ɗaya.