Ɗari biyar ɗin nan ba ta ceton kayan aiki ba ce

Ka tambaye ni jiya muna naɗe igiya a bakin bututu bayan mun ɗauki hoton walda da radiyeshon: tunda an ce a lokacin gaggawa ma'aikaci zai iya ɗaukar radiyeshon har milisibat 500 (ma'aunin radiyeshon da jiki ya ɗauka), me ya sa nake ɗaga maka murya kan ɗan abin da bajonka mai auna radiyeshon ya nuna?

Zauna ka ji, ɗana. A aikin yau da kullum, ƙa'idar IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ita ce milisibat 20 a shekara idan an raba kan shekara 5, kuma kada shekara guda ta wuce 50. A nan gida NNRA, hukumar kula da harkar nukiliya ta Najeriya, ce ke sa ido a kanmu. Ko a gaggawa ma 50 ɗin ce iyaka, sai da babban dalili. In za a kare jama'a da yawa daga ɗaukar radiyeshon, a tsaya ƙasa da 100. Ita 500 ta ceton rai ce, ko hana bala'i ya auku, kuma sai wanda ya yarda da bakinsa bayan an faɗa masa haɗarin. Ba a tilasta kowa. Ko a hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a 2011, Japan daga 100 zuwa 250 ta ɗaga, ba ta wuce nan ba.

To mu namu gaggawar mene ne? Kana hoton walda, ka juya hannun na'urar, ƙwayar Iridiyum-192 mai fitar da radiyeshon ta ƙi komawa akwatinta, mita tana ta kuka. Ran wa ke hannunka a nan? Babu. Ƙarfe ne ya maƙale. Ja da baya, ka kori mutane, ka ɗaura igiya nesa, ka kira jami'in kariya. In ka ninka nisanka, abin da ke samunka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Sai a zauna a tsara: wa zai shiga, daƙiƙa nawa zai yi, da dogon awartaki da dalma. In an raba aikin tsakanin mutum uku, kowa ya fito da kaɗan.

Abin da ke hana ni barci shi ne wani ya ɗauki ƙwayar da hannu. Ƙwayar nan ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, ba zafi, ba wari. A Yanango ta ƙasar Peru, a 1999, wani mai walda ya tsinci irinta ya jefa a aljihun wandonsa na baya, ya ci gaba da aiki. Ƙafar sai da aka yanke ta.

Gobe kafin mu buɗe akwati, kai za ka gwada mitar a gabana, ka nuna mini inda za ka gudu ka tsaya.