Bashi da ciwon hanta: dole ne in faɗa mata kafin a sa rana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Tudun Wadan Zariya, ina da shagon kayan waya a Sabon Gari. Wata 8 ke nan ina neman wata yarinya a cikin birni, yanzu magabatanta sun ce in turo. Sai dai akwai abin da ba ta sani ba. Ana bina bashin naira miliyan 2 na kayan da na ɗauko a Kano, motar da nake zuwa zance da ita ta yayana ce, sannan bara da na je ba da jini aka ce ina ɗauke da ciwon hanta, Hepatitis B. Gwaggona ta ce in ja bakina, in an ɗaura ai an ɗaura. Akwai kuma wani saɓo da na yi a baya, na tuba. Wanne ne dole in faɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya ba ka lafiya, ya biya maka bashinka. Maganar Gwaggo ƙauna ce ta sa ta faɗe ta, amma ba za ka bi ta a nan ba.

Mu fara da ciwon, don shi ne mai nauyi. Malamanmu na Malikiyya sun ambaci aibobi huɗu da ake mayar da aure saboda su: hauka, kuturta, albaras da cutar al'aura. Haka suke a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibai ke biyawa a zaurukan garin nan. A Muwaɗɗa kuma, Sayyidina Umar ya hukunta cewa wanda aka aura masa mace mai hauka ko kuturta ko albaras, har ya tare da ita, za ta riƙe sadakinta, shi kuma ya koma kan waliyyinta ya biya shi. Wani zai ce ai ciwon hanta ba ya cikin huɗun nan. Gaskiya ne, kuma mashhurin mazhaba bai ba da zaɓin raba aure kan wasu aibobin ba sai in an shardanta lafiya tun farko, ko da yake Ibnul Ƙayyim ya faɗaɗa, ya ce duk aibin da ke kore natsuwa tsakanin ma'aurata ya shiga. To amma tambayarka ba kan raba aure take ba, kan ɓoyewa take. Wannan ciwo ana ɗaukarsa ta jini da ta saduwa, uwa ma tana sa wa jaririnta a wajen haihuwa. Ka sani, ita ba ta sani ba, sannan ka shiga ɗakinta? Wannan cutarwa ce da gangan, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce ba cuta ba cutarwa. Ɓoye shi haramun ne.

Faɗar ba tana nufin auren ya rushe ba. Ciwon yana da allurar rigakafi, sau 3 ake yi. A gwada ta, in ba ta da shi a yi mata, likita ya tabbatar allurar ta yi aiki kafin tarewa. Ku je asibitin koyarwa na Shika ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ku haɗa da gwajin ƙanjamau da na sikila. Mutanenmu suna raina na sikilar nan, alhali in AS ya auri AS, wato masu ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS, mai ciwon sikila. Maƙwabtanmu Kanawa sun mayar da gwajin kafin aure doka a 2024.

Sai dukiya. Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta zo wa Annabi (SAW) tana neman shawara kan mutum biyu da suka fito nemanta. Ya ce mata Mu'awiya matalauci ne, ba shi da dukiya, Abu Jahmi kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya nuna mata Usama ɗan Zaidu. Muslim ne ya ruwaito. Ka ga ke nan halin aljihun mai neman aure abu ne da mace ke da haƙƙin sani, faɗarsa ba gulma ba ce. Har ma malamanmu sun ce wadda ta san talaucin mutum ta yarda ta aure shi a haka, ba ta da damar neman saki daga baya don ya gaza ciyarwa. Hukuncin ya rataya ne a kan saninta.

Ba a ce ka buɗe mata littafin shago tana lissafa ribarka ba. Bashin dubu 20 da za ka biya ƙarshen wata ba sai ka ambata ba. Amma miliyan 2 ga mai shago ɗaya zai taɓa cefane da kuɗin haya, don haka a faɗa, da yadda aka tsara biya. Na taɓa zaman sulhu inda amarya, lallen hannunta bai gama fita ba, ta ga masu bin bashi sun yi sallama suna ƙirga kujerun da mahaifinta ya saya mata. Ba bashin ne ya fi ƙona mata rai ba, cewa take ta yi, “Malam, me ya sa bai gaya mini ba?”

Motar kuwa, aro ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka bar ta tana zaton taka ce alhali ka san a kan haka take gina lissafinta. Ka tuna mai hatsin da Annabi (SAW) ya cusa hannu a tsibinsa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Zuwanka na gaba ka hau Keke Napep, ko ka ce mata ta Yaya ce.

Saɓon da ka tuba daga gare shi, ka rufe bakinka. Allah ya suturta ka, kada ka yaye. A Muwaɗɗa, wani ya gaya wa mai neman 'yar'uwarsa cewa ta taɓa yin ɓarna, labari ya kai wa Umar, ya buge shi ko ya kusa bugunsa, ya ce ina ruwanka da ba da labari? Sai fa in saɓon ya bar abin da zai shafe ta, kamar cuta, to cutar za ka faɗa, ba yadda aka same ta ba.

Lokacin faɗa shi ne yanzu, kafin manyanka su kai kuɗin gaisuwa a sa rana, tun janyewa ba ta zama abin kunya ga gida biyu ba. Ka fara da ita, sannan waliyyinta, da takardar asibiti a hannunka. Su kuma abin da suka ji amana ne: ko sun amince ko sun fasa, haramun ne su baza ciwonka a unguwa. Wallahu a'alam.