Shin horon kwamfuta yana rage wa matasa fargabar shiga mutane?

Tambaya: 'Yata mai shekara 14 jikinta rawa yake yi duk lokacin da malami ya kira sunanta a aji, har ta fara ƙin zuwa makaranta. Na ji ana maganar wani horo na kwamfuta da ke gyara tunanin irin waɗannan yara. Yana aiki kuwa?

Amsa: Hajiya, tushen wannan horo shi ne binciken da masanin halayyar ɗan Adam Colin MacLeod da abokan aikinsa suka wallafa a 1986, wanda ya nuna cewa hankalin mai fargaba yana saurin karkata ga duk abin da ya yi kama da barazana. Yarinya irin taki, da ta shiga aji, ɗaurarriyar fuska take fara gani, idan kuma aka yi dariya a bayanta sai ta ɗauka da ita ake.

Horon iri biyu ne. A na farko ana nuna fuskoki biyu a allo, ɗaya a murtuke ɗaya a sake, sannan wata alama ta bayyana a gurbin sakakkiyar, a yi ta maimaitawa sau ɗaruruwa har ido ya saba da barin murtukakkiyar. A na biyu, wanda masu bincike Mathews da Mackintosh suka tsara a 2000, ana ba yaro gajeren labari mai harshen damo, shi kuma ya cike kalmar ƙarshe da za ta ba labarin kyakkyawar fassara.

Sai dai sakamakon bai kai yadda aka yi fata ba. A wani gwaji da masu bincike na Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan suka wallafa a 2013, an bi matasa 240 'yan shekara 13 zuwa 15, kuma ko da yake an ga alamun sauƙi da farko, bayan shekara guda fargabar waɗanda suka yi horon ba ta bambanta sosai da ta waɗanda ba su yi ba. A ganina, ƙari ne kawai, bai isa a dogara da shi ba.

Kunya tarbiyya ce a wurinmu, amma wadda ta hana yarinya zuwa makaranta ta wuce kunya. Ki kai ta wurin ƙwararre kan lafiyar ƙwaƙwalwa, domin abin da ya fi samun goyon bayan bincike shi ne jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, inda ake saba mata da abin da take tsoro sannu a hankali. Ki kuma roƙi malaminta ya fara da sanar da ita tambayar da zai yi mata tun kafin a shiga aji.